Godiya ga Ma'aikatan Sashen Duba Hanji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a fili ne domin in gode wa likitoci da nas-nas na sashen duba hanji da na'ura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, saboda ɗawainiyar da suka yi da mahaifina.

Baba yana da shekara 63. Ya daɗe yana ganin jini a bayan gida, muna ta cewa basir ne, har likita ya ce sai an zura siririn bututu mai kyamara ta dubura an duba babban hanji, abin da suke kira kolonoskofi. Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba. Wahalar tana wajen shiri, domin in hanji bai wanku tas ba, ƙaramin tsiron nama da ke fitowa a jikin hanji kan ɓuya a bayan guntun abinci, sai dai a sake sa wata rana.

A nan ne wata nas ta yi mana abin da ba zan manta ba. Ba ta miƙo takarda kawai ta sallame mu ba. Ta zaunar da shi, ta ce, "Baba, me kuka saba ci a gida?" Yana faɗa tana warewa. Saura kwana uku a ajiye gwate, saboda yakuwa da alayyafo da gautan da ke ciki. A ajiye wake, gyaɗa, riɗi, kwaɗon zogale, da 'ya'yan itace masu ƙwaya irin su gwaiba da kankana, domin ƙwaya da ganye sukan maƙale a hanji. Abin da ta bar masa shi ne farar shinkafa, taliya, farin burodi, ƙwai, kifi, kaza ba fata, da dankalin turawa in an fere shi, wanda mu a Jos ba ma rasa shi. Maganin ƙarin jinin da yake sha kuwa tun saura mako guda aka ce ya dakata, saboda yana baƙanta bayan gida.

Ana gobe aikin, ruwa kawai. Baba ya ce to, ai kunu ma ruwa ne. Ni ma haka na ɗauka, kuma na tabbata mutane da yawa a nan suke kuskure. Sai ta ɗauko kofin gilashi ta zuba ruwa, ta ce, "Baba, duk abin da kuka zuba a nan ba ku hango yatsunku ta cikinsa ba, ba na gobe ba ne." Kunu, koko, fura da nono duk suka fita. Aka bar masa shayi ba madara da romon kaza da aka tace. Zoɓo ma ta hana, ta ce jansa kan yi kama da jini a idon kyamara.

Da yake yana da ciwon suga, likita da kansa ya rubuta yadda zai sha maganinsa a ranar. Maganin wankin cikin kuma aka raba biyu, rabi da yamma, rabi da asuba, aka ce mu lura har abin da ke fita ya koma ruwa garai-garai mai ɗan rawaya.

Haka muka bi. Hanji ya wanku, aka ga tsiro guda biyu, aka cire su nan take, sakamakon gwaji kuma ya nuna ba ciwon daji ba ne. Alhamdulillahi.

Dattijo ne mai kunya, batun bayan gida ba ya yinsa ko da mu 'ya'yansa. Amma kun yi masa bayani da Hausa, cikin ladabi, har ya saki jiki ya yi tambaya. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatanku, Ya sa ku gama lafiya.

Naku,
Ɗan wani majinyaci, daga Unguwar Rogo, Jos