Wasiƙa daga Xi'an kan zancen injin jirgi

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ni ma lafiya lau, karatu na tafiya, sai sanyi da ya fara shigowa.

Tambayar da ka yi mini ta tsaya mini a rai: wai mutanen Sin sun iya ƙera injin jirgin samansu da gaske, ko har yanzu gangar jiki suke haɗawa su sayo zuciyar a waje? Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Kuma ka dace da kalma, domin su kansu sun daɗe suna cewa jiragensu na fama da "ciwon zuciya".

Makon jiya malaminmu ya shigo aji da wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Fiffike ɗaya ne daga cikin waɗanda ke jere a jikin fankar da ke bayan ɗakin ƙona mai. Aka riƙa miƙa shi hannu-hannu. Da ya iso gare ni na ɗaga shi saitin fitila, sai na ga jikinsa duk ƙananan huji ne, kamar an bi shi da allura. Iskar da ke dukan wannan fiffike takan wuce digiri 1,500, alhali gaurayen nikel ɗin da aka yi shi da shi yana narkewa tun kafin a kai nan. Abin da ke cetonsa shi ne iska mai dama-dama da ake turowa ta cikinsa, ta fito ta hujin nan ta lulluɓe shi, ga kuma wani shafe mai kama da tangaran a bayansa. Sannan wajen zubi ana sa shi ya daskare a ƙwaya ɗaya tak, babu gaɓa a ciki inda tsaga za ta samu mafari. A haka zai yi ta juyawa fiye da sau 10,000 a minti. Wallahi, Bashir, na daɗe ina jujjuya shi a hannuna kafin na miƙa wa na gaba.

A ranar na gane abin da ya sa suka sha wahala. Kana iya sayen injin wani, ka kwance shi, ka auna kowane ƙusa. Amma awo ba zai gaya maka yadda aka dafa ƙarfen ba, ko saurin da aka bar shi ya huce. Wannan sai an lalata dubbai an koya. A nan Xi'an aka fara ganin haka: a 1975 suka sayi lasisin injin Spey daga kamfanin Rolls-Royce na Birtaniya, da zane da komai, amma sai da aka shiga shekarun 2000 kafin nasu, WS-9, ya kankama sosai.

Ta fannin soja kam, ni dai na gamsu sun yi nisa. Injin WS-10, wanda suke kira Taihang, an fara aikinsa a Shenyang tun 1987, kuma da farko ya ba su ruwa ƙwarai. Ga ma'aunin da nake dubawa. Jirgin yaƙinsu J-10 inji ɗaya gare shi. In ya mutu a sama, babu na biyu da zai dawo da matuƙi gida. Shekara da shekaru injin Rasha, AL-31, suke saka masa, nasu kuwa suna gwada shi a jirage masu inji biyu irin su J-11B. Ranar da aka fara ganin J-10C ɗauke da WS-10, ranar ce suka yarda su ɗora ran matuƙinsu a kan aikin hannunsu. Haka J-20, wanda ya fara tashi a Chengdu a 2011: rukunin farko injin Rasha ne, daga baya aka koma WS-10C, kuma WS-15 da aka tsara musamman dominsa ya riga ya tashi a gwaji. Babban jirgin dakon kaya Y-20, da ake ƙerawa a garin nan, shi ma ya fara sauya D-30 na Rasha da WS-20. Tun 2016 gwamnati ta cire harkar inji daga ƙarƙashin masu ƙera jirgi, ta kafa mata kamfani guda mai suna AECC, don kada inji ya ci gaba da zama ɗan rakiya.

Fannin fasinja ne da saura. Da zan dawo daga Shanghai na hau C919, jirgin da kamfanin COMAC ya ƙera, wanda ya fara tashi a 2017 ya fara jigila a watan Mayun 2023. Kujerata na jikin taga, gaban fiffiken jirgin kaɗan, injin na nan kusa da ni, faffaɗan baki, ƙararsa ba ta cika kunne ba. Fasinjoji sai ɗaukar hoto suke, kana ganin alfahari a fuskokinsu. To amma wannan injin LEAP-1C ne, na CFM, haɗin gwiwar GE ta Amurka da Safran ta Faransa. Nasu, CJ-1000A, an rataya shi a jikin Y-20 an tashi da shi gwaji a 2023, sai dai lokacin da na hau jirgin bai fara ɗaukar fasinja ba. A 2025 Amurka ta dakatar da izinin sayar musu da injin LEAP-1C ɗin na 'yan makonni kafin ta janye, kuma ka san irin abin da wannan zai ɗarsa a zuciyar mai jirgi.

Kada ka ga kamar na fasinja ya fi sauƙi don ba ya gudun yaƙi. Soja zai haƙura da injin da ke shan mai, a sauke shi a gyara akai-akai. Kamfanin jigila kuwa kowace lita lissafi ce, kuma yana son inji ya yi dubban sa'o'i a jikin fiffiken jirgi ba a sauke shi ba. Kafin a ba shi takardar shaida sai an harba masa tsuntsaye, an watsa masa ruwa da ƙanƙara, an kuma fasa fiffiken fanka ɗaya da gangan yana tsakiyar gudu, a ga ko murfin zai tare ɓaraguzan. Ina kyautata zaton za su kai, amma ni sai na ga CJ-1000A ya yi shekaru yana aiki kafin in ce sun gama warkewa.

Na ɗauki hoton fiffiken nan a tafin hannuna, zan turo maka ka ga hujin da idonka. Ka gaishe mini da Hajiya da amarya, ka shafa mini kan yara. Ka riƙa sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Wassalam.

Naka har kullum,
Aminu