A Dawo Mana da Amada Tsakar Gida

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da na gani a sunan jikata makon jiya a nan Funtuwa. Maimakon a ɗauko masu lasifika su kurmantar da unguwa, sai yayata ta kira wasu dattijan mata masu amada. Mu wajen talatin ne a tsakar gida, kowa a kan tabarma. Suka kifa ƙwarya a bahon ruwa, suka jera sauran a gabansu.

Wallahi har numfashin zabiyar kana ji kafin ta ɗauko baiti. Ta dubi mai jego ta ƙaga mata waƙa nan take, ta jefa wa dangin miji habaici, muka yi ta dariya har da ƙwalla. Jaririyar ma ba ta farka ba.

Tun da shahararriyar mai amada Hajiya Barmani Choge ta rasu a 2013, gidajen rediyo tsofaffin kaset ɗinta kawai suke juyawa. Masu sana'ar da ke raye fa? Ƙaramarsu a ranar ta haura hamsin, kuma ta ce min 'yarta ta ƙi koya. Don Allah ka tura wakilinka ya neme su.

Wata kaka, daga Funtuwa