A rika tura masu horar da malamai, ba masu cike gurbi kawai ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a bani dan fili in tofa albarkacin bakina kan malaman sa kai da ake turawa kasashen waje. Abin ba sabo bane, kungiyar VSO ta Ingila tun 1958 take wannan aiki, Peace Corps ta Amurka kuma 1961 aka kafa ta, ayarin farko ma Gana suka sauka kuma koyarwa suka je yi, Najeriya ita ma tana da Technical Aid Corps tun 1987.

To ni dai abinda ke damuna shine a kai mutum makaranta a danka mai aji daya yayi shekara biyu yana koyarwa, ranar da ya dau jakarsa shikenan an koma gidan jiya. Amma in aka hada shi da malaman gurin suna tsara darasi tare, ya zauna bayan aji yaga yanda suke yi sannan su tattauna, su ma su shiga nashi ajin su gyara mai, to wannan ko ya tafi abin na nan. Kuma wallahi wani bakon sai ya fara koyo a gunsu, don rike yara tamanin da alli kadai ba wasa bane, digiri baya koyar da shi.

Hukumar ilimi ta Majalisar Dinkin Duniya, UNESCO, tace duniya na bukatar karin malamai miliyan 44 kafin 2030, yan sa kai nawa za a tura su cike wannan?

Naku,
Wani tsohon malamin firamare