Maigidana ya tashi daga jinya, amma ya daina damuwa da komai

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya daɗe da hawan jini. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Alhamdulillahi, da magani da gashi ƙafa ta taka, baki ya miƙe. Sai dai halinsa bai dawo ba. Da can labaran rediyo na safe ba sa wuce shi, majalisa ba ta tashi sai ya ja musu kan farashin atamfa. Yanzu inda na shimfiɗa masa tabarma da hantsi, nan zan tarar da shi da la'asar. In na ajiye tuwo ya ci, in ban ajiye ba ba zai nema ba. Ranar sunan jikarsa ta fari aka ɗora masa jaririyar a cinya, ya dube ta ya ce "Allah ya raya", ya miƙo ta.

Abin da ya ɗaure mini kai, ba ya kuka, ba ya cewa ransa a ɓace yake, barcinsa ma lafiya lau. Masu ciwon damuwa da na sani baƙin ciki ke cin su. Shi ko baƙin cikin babu.

Dangi sun ce sammu ne, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. Yayansa ya ce son jiki ne, wannan kam ban yarda ba, mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a kan gado ba. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta ce shanyewar jiki kan lalata gaban ƙwaƙwalwa, inda himmar mutum ke tasowa. Ta ce raunin tayirod da ke maƙogwaro, ƙarancin jini, farkon cutar mantuwa, cutar karkarwa, har wasu magunguna, duk suna kawo irin wannan.

To Likita, wane gwajin jini zan nemi a yi masa? Likitan jijiya zan kai shi ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau? In na ambaci Dawanau danginsa za su ce na mai da shi mahaukaci. Kuma in riƙa tilasta masa fita shago, ko in ƙyale shi?

Wassalam.
Taka mai saurare, daga Kano.