Koken Al'ummar Mazaɓarmu Kan Zaɓen Kansila da Ciyaman

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu dattawa, mata da matasan wannan mazaɓa mun kawo kukanmu gare ka ne saboda kai ka kira mu muka fito. Da umarninka aka yi shela a masallatan Juma'a cewa kowa ya karɓi katin zaɓe, kuma ranar zaɓen ƙananan hukumomi kada a zauna a gida. Mun ji, mun bi.

Tun bayan sallar asuba mata suka yi layi a filin firamare, wasu da goyo. Manoma sun bar amfanin gona a yashe, 'yan kasuwa ba su buɗe rumfa ba, har tsofaffin da sai an riƙe musu hannu sun zo. Aka yi azahar babu malamin zaɓe ko ɗaya. Wajen la'asar mota ta zo da akwati da 'yan ƙuri'u kaɗan, babu takardar rubuta sakamako. Wakilan jam'iyyu suka ce ba za a fara ba sai an kawo ta, motar ta juya, ba ta dawo ba. Washegari muka ji a rediyo an sanar da wanda ya ci kujerar kansilanmu, har da adadin ƙuri'u. Ranka ya daɗe, babu ɗan yatsa ɗaya a rumfunanmu da ya taɓa tawada. To ƙuri'un su wa aka ƙirga?

Ba mu da gaba da wanda aka ba kujerar. Ɗanmu ne, kuma cikin masu sa hannu a nan akwai 'yan jam'iyyarsa, waɗanda su ma sun so a ce da ƙuri'arsu ya hau.

Mun san inda gizo ke saƙa. Gwamna ne ke naɗa 'yan hukumar zaɓen jiha, kuma jam'iyyarsa ce ke takara a zaɓen da suke shiryawa. Shi ya sa a jiha bayan jiha jam'iyya mai mulki ke kwashe kujerun baki ɗaya. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta haramta kantomomin riƙo, ta ce a biya ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Mun yi murna da hukuncin, mun ɗauka yanzu za mu iya tambayar ciyaman maganar rijiyar burtsatse da ta lalace da asibitin da babu magani. Wanda ba mu zaɓa ba, da wace fuska za mu tambaye shi, shi kuma don me zai saurare mu?

Abin da ya fi damun dattawa shi ne matasanmu. Da yawansu wannan ne karon farko da suka riƙe kati. Yanzu suna cewa ko mai unguwa ya sake shela ba za su fito ba, kuma mun rasa amsar da za mu ba su.

Muna roƙon ka isar da wannan takarda ga Mai Martaba da majalisarsa, a nemi hukumar zaɓen jiha ta fito da sakamakon kowace rumfa ɗauke da sa hannun wakilai. Idan babu, a sake zaɓe a mazaɓarmu. Muna kuma roƙon masarauta ta yi magana da ɗan majalisarmu na jiha, domin gyaran tsarin mulki sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, ya goyi bayan cire naɗin hukumar daga hannun gwamna.

Mun hana yara tare hanya da ƙona taya, mun ce su jira amsar fada. A shirye muke mu zo gabanka da katunanmu da shaidu duk ranar da ka sa mana.

Allah ya taimaki Hakimi.

Sa hannu:
Dattawan mazaɓa, shugabannin mata da na matasa, da wakilan jam'iyyun da suka tsaya a rumfuna.