Zuwa ga Limaminmu: Rawar maganaɗisu da kamfas ɗin alƙibla

Allah ya gafarta Malam,

A taron iyaye da malamai na makarantarmu da ke karkarar Ringim ka tambaye ni a bainar jama'a: an ce maganaɗisun duniya yana rawa da dare, to daga ina rawar take, kuma ba za ta karkatar da kamfas ɗin da ake duba alƙibla da shi ba? Lokaci ya ƙure ran nan, ga amsa.

Rawar gaskiya ce, tushenta kuwa rana. Rana tana feso iska mai ɗauke da lantarki, mai gudun kilomita kusan 400 a daƙiƙa (wato sakan). Iskar nan tana matse maganaɗisun duniya ta gefen rana, ta ja shi ya yi doguwar jela ta gefen dare. Ƙarfi yakan yi ta taruwa a jelar kamar awa guda, sai layukan maganaɗisun su tsinke, su sake haɗewa, su zaburo wajen duniya. Kamar maharbi ne ya ja baka ya saki: tsirkiya ta ɗan yi makyarkyata, ta lafa. Makyarkyatar nan masana ke kira Pi2, kowane kaɗawa daƙiƙa 40 zuwa 150. A daidai lokacin ne wani haske mai launuka da ake kira aurora yake ɓarkewa a samaniyar Alaska da Norway. Akasofu, masanin kimiyya ɗan Japan, shi ya fayyace wannan lamari, wanda masana ke kira ƙaramar guguwa, a 1964, sannan taurarin ɗan'adam biyar na THEMIS da Amurka ta harba a 2007 suka gano tsinkewar tana aukuwa wajen sulusin tazarar da ke tsakaninmu da wata.

Mu da ke nesa, amonta kawai ke iso mana, amma na'urorin da Jami'ar Kyushu da ke Japan ta kafa a Ilorin da Abuja irinsu ne ke kama shi.

Batun alƙibla kuwa, Malam ya kwantar da hankalinsa. Ƙarfin maganaɗisu a yankinmu ya haura nanotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 30,000, rawar kuwa ɗaya ce ko biyu. Ido ba zai ga allura ta motsa ba ko kaɗan. Abin tsoro yana kusa: rodin da ke cikin siminti, ƙyauren ƙarfe, lasifikar masallaci, wayar da ke aljihu. In za a auna harsashin sabon masallacin, a fita fili, a nisanci babura, a gwada a wurare dabam-dabam kafin a kafa turke.

Naka,
Malamin kimiyya