Godiya ga ma'aikatan Gandun Dajin Yankari

Assalamu alaikum shugabanni da ma'aikatan Yankari, musamman jami'an tsaron daji da direbobin da ke shiga da baƙi. Ni mai ɗaukar hoto ne, biki da suna su ne abincina, amma akwai hoton da na daɗe ina nema, wato uwar dabba tana shayar da ɗanta a cikin daji, kuma ku kuka sa na same shi. Shi ya sa na ce godiyar nan a fili zan yi ta kowa ya gani.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka danna madanni ne kawai. Ina! Da rana tsaka dabbobin nan suna inuwa, sai da sassafe ko gab da magariba suke motsi sosai, lokacin kuma haske ya yi ƙasa, ga hazon hunturu ya cinye sauran. Dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, zuwa 3200 ko 6400 hoto ya fara yashi-yashi, in ka ce ka rage saurin ɗauka don haske ya shiga sai ɗan ya girgiza kai komai ya dame, filasha kuwa tun daga Wikki, sansanin da baƙi ke sauka, jami'inku ya ce min Malam a ajiye ta a jaka, ba a haska uwa mai shayarwa, in ta firgita ta gudu ɗan ne zai kwana da yunwa. Wallahi maganar nan ta shige ni.

Direbanku ma gwani ne. Duk inda muka tsaya kafin in buɗe baki ya kashe inji, saboda ya san rawar mota tana bin hannu ta shiga hoto. Da ya ga ba wajen kafa kyamara sai ya naɗe rigar sanyinsa ya ɗora min a bakin taga na jingina ta a kai. Ƙudan tsando na ta cizonmu amma ko tafi bai yi ba.

A gefen kogin Gaji muka samu giwayen. Jami'in ya zaro hannu ya saki 'yar ƙura ya ga inda iska ta nufa, sannan ya sa aka matsa da motar ta inda ƙanshinmu, ko in ce warinmu, ba zai kai musu ba, don giwa idonta ba wani ƙarfi amma hancinta ba dama. Muka zauna shiru har na fara cire rai. Can sai ga ƙaramin ya kutsa ƙarƙashin uwar ta gaba, don nonon giwa tsakanin ƙafafun gaba yake ba a baya ba kamar na saniya, ya lanƙwasa dogon hancinsa sama bisa goshi ya kama da baki, ita kuma ta ɗan tura ƙafa ɗaya gaba ta ba shi wuri. Cikin wata 22 ta ɗauka kafin ta haife shi, to ka ga dole ta yi kaffa-kaffa, sauran matan garken ma duk sun kewaye su. Na so a ƙara matsawa ko taku goma ne, jami'in ya girgiza kai kawai ya ce nan ya isa. Daga nan ɗin na ɗauka, kuma ya fito, har ƙurar da ke bayan yaron ana gani.

Na gwaggon biri bai ba ni wahala ba, su da mugun dawa ai kusan 'yan gida ne a sansanin Wikki, jaririn baƙi wuluk manne a cikin uwar yana tsotso ita kuma idonta na kan ledar biredina.

Dajin nan an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200 a ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma garken giwayensa na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Duk wanda ya ga jaririn giwa a nan ya san akwai mutanen da ke kwana a daji suna sintiri saboda mafarauta, wasu ma ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Ku isar musu da gaisuwata, Allah Ya tsare su Ya mayar da su ga iyalansu lafiya.

'Yan uwana masu kyamara, in za ku je ku bari sai rani lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin Gaji, ku sa kaya masu dogon hannu saboda tsando, ku cika batir tun dare, kuma abin da jami'i ya ce shi za ku bi. Hotunan guda biyu zan wanke manya in aiko ofishinku, in kun ga dama ku rataya a wajen karɓar baƙi.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara rufa asiri.

Naku,
wani mai hoto daga Gombe